Kafin Ka Ƙirga Wa Mai Kwamfuta Kuɗinka

Tun da aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil a 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Aliko Dangote a 2022, garin ya samu wata buƙata da iyayenmu ba su taso da ita ba. Ga kuma makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda a bakin hanyar Maiduguri. Duk farkon zangon karatu za ka ga ɗalibai da iyayensu, da masu shagunan buga takardu na Sabon Gari, da samarin da ke koyon zane ko rubuta manhaja, suna haramar shiga Kano domin sayo kwamfutar tafi-da-gidanka. Wani sai da aka sayar da maraƙi, wata adashinta ta kwasa, wani kuma yayyensa ne suka yi masa karo-karo. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kuwa, kuɗin kwamfuta ya zama abin da mutum ba zai so ya fitar sau biyu ba. Shi ya sa yake da ciwo ka ga na'urar da aka sha wannan wahala a kanta ta kwanta kafin shekara ta zagayo, wani lokacin da aikin bincike na ƙarshen karatu a cikinta.

Tambayar da kusan kowa ke fara yi ita ce, wane kamfani ne nasa ba ya lalacewa? Babu shi. A watan Agustan 2006 kamfanin Dell ya nemi a dawo masa da batura kimanin miliyan 4.1 saboda wasu suna kama wuta. Apple, da ake ganin kayansa sun fi na kowa tsada, ya yi shekaru daga 2015 zuwa 2019 yana sayar da kwamfutocin da ƙwayar ƙura ɗaya kan iya hana madanninsu aiki, har a 2022 ya amince ya biya dala miliyan 50 don a sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka. Idan manya sun yi tuntuɓe haka, to duk wanda ya rantse maka cewa tasa ba ta taɓa ba da matsala, kasuwarsa yake ci. Abin da ya kamata mutumin Wudil ya tambaya shi ne: ranar da wannan kwamfuta ta samu matsala, wa zai gyara ta, a ina za a samo kayanta, kuma ina aikina zai kasance a ranar?

Dalilin da ya sa tambayar ta fi nauyi a wajenmu shi ne ba don ƙasarmu aka ƙera waɗannan na'urori ba. Duba takardar da ke zuwa da yawancinsu, za ka ga an rubuta cewa kada zafin ɗakin da ake aiki da su ya wuce digiri 35. A Wudil, daga Maris zuwa Mayu, rana kan kai 40 ko ta ɗara, balle a ɗakin haya mai rufin kwano babu silin. Idan bazara ta wuce, damina ta zo da tsawa da ɗauke-ɗauken wuta. Idan damina ta wuce, hunturu ya zo da ƙura mai laushi da ke shiga ko'ina. Kwamfutar da za ta yi shekara biyar lafiya a ofis mai sanyi a Ingila, a nan tana iya fara haki cikin shekara biyu idan ba a san yadda za a tafiyar da ita ba.

Saboda haka a ganina kyan fuska da sirantaka su ne na ƙarshe a lissafi. Yawancin manyan kamfanoni suna da layi biyu: wanda suka ƙera don gida, da wanda suka ƙera don ma'aikatu. Na ma'aikatun su ne irin su ThinkPad na Lenovo, da Latitude na Dell, da EliteBook da ProBook na HP. Jikinsu ya fi ƙwari, maratayin murfinsu ya fi juriya, kuma kamfanonin sun saka littattafan kwance su da ɗaura su kyauta a intanet. Wata fa'idar da ta fi shafarmu ita ce, da yake irinsu na hannu sun cika kasuwa, baturinsu da madanninsu da sikirin ɗinsu da fankarsu ba sa wuyar samu a Farm Centre ko Beirut Road a Kano, tafiyar kimanin kilomita 40 daga gida. Wata kwamfutar kuwa mai sheƙi da baƙon suna, fankarta kaɗai sai an aika Computer Village a Ikeja, ko a jira mai zuwa daga Dubai.

Sai abin da ke cikinta. Nan ne ake cin mutane da yawa da kalma ɗaya. Mai shago zai ce, "Alhaji, wannan Core i7 ce fa," mai saye kuma ya ji ransa ya yi fari. Amma i7 suna ne na gida, kuma gidan yana da kaka da jika. Lambar da ke biye ita ce ke faɗin shekarunta. Misali i7-4600U zubi na 4 ce, ta 2013, ƙwaƙwalwa biyu gare ta. Ita kuwa i5-8250U zubi na 8 ce, ta 2017, tana da huɗu, kuma ta fi waccan gudu nesa ba kusa ba duk da sunanta ya fi ƙanƙanta. i5-1135G7 zubi na 11 ce, i5-1235U kuma na 12. Wannan lissafi ya ƙara muhimmanci tun ranar 14 ga Oktoban 2025, lokacin da Microsoft ya janye tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10. Windows 11 kuwa a ƙa'ida ba ta karɓar mafi yawan furosesan Intel da suka girmi zubi na 8. Masu gyara sun iya ɗora ta a kan tsofaffi ta bayan fage, sai dai ba hanyar da za ka jingina karatun shekara huɗu ko biyar a kanta ba ce.

Ram ɗin kada ya gaza gigabait 8. Ɗalibin injiniya ko zanen gine-gine da zai buɗe AutoCAD ko MATLAB ya nemi 16 idan da hali, idan babu ya tabbatar akwai gurbin da za a ƙara daga baya, domin yawancin sirara na yanzu an liƙe musu ram a jikin bod, yadda ka saye ta haka za ta mutu. Ma'ajiyar bayanai kuma ta zama SSD, ko da gigabait 256 ce, maimakon tsohon had dis mai faifai da ke juyawa sau 5,400 a minti da allura tana shawagi a kansa. Wanda ke saka kwamfuta a jaka ya hau babur, ko ya cusa ta ƙarƙashin kujerar bas zuwa Kano, faifan nan ne zai fara ba shi kunya. SSD ba ta da abin da ke motsi a cikinta, girgiza ba ta dame ta ba. Akwai kuma wasu sabbi fil masu rahusa da ke zuwa da furosesa Celeron, ram 4 da ma'ajiya 64, duk a liƙe. Sababbi ne da gaske, amma kuɗin da za a zuba a kansu gara a nemi ta hannu mai lafiya daga layin ma'aikatu. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.

To, yaya za ka tabbatar cewa sabuwar da aka miƙo maka sabuwa ce? Kwali da leda ba shaida ba ne, ana sayar da su daban. Akwai kwamfutocin da aka yi aiki da su a ƙasashen waje, aka goge, aka sauya musu murfi, aka mayar cikin kwali. Sayar da irinsu ba laifi ba ne idan an faɗi gaskiya an kuma rage kuɗi, kuma 'yan kasuwa masu amana da yawa haka suke yi. Laifin shi ne a karɓi kuɗin sabuwa. A karar shanu ta Wudil ranar Juma'a, babu mai biyan kuɗin sa bai buɗe bakinsa ya ga haƙora ba, bai kuma sa an kora shi ya ga takunsa ba. Kwamfuta ma tana da haƙoranta, kuma duba su ba ya cin rabin awa.

Fara da lambar jikinta. Juya ta ka karanta lambar da ke ƙasa, ka gwada da ta jikin kwali, sannan ka sa a buɗe maka shafin BIOS ka ga ko duka ukun sun zo ɗaya. Daga nan ka ɗauko wayarka, ka shiga shafin kamfanin, ka rubuta lambar a wajen duba garanti. Lambar Dell haruffa da lambobi bakwai ne. Shafin zai nuna maka ranar da garanti ya fara da ranar da zai ƙare, sau da yawa har da kayan da aka saka mata tun daga masana'anta. Idan garantin ya ƙare shekara biyu da suka wuce, magana ta ƙare. Ka kuma lura cewa wani garantin ba ya aiki sai a yankin da aka fara sayar da na'urar, don haka ka tambayi mai shago ƙarara, "Malam, idan ta samu matsala wata shida nan gaba, kai zan kawo wa ko akwai wakilin kamfani, kuma a ina yake?"

Bayan haka ka kunna ta. A Windows akwai wani baƙin allo da ake rubuta umarni a cikinsa. Rubuta powercfg /batteryreport, kwamfutar za ta fitar da rahoton baturinta: ƙarfin da aka ƙera shi da shi, ƙarfin da ya rage masa yanzu, kuma a yawancinsu har da sau nawa aka cika shi aka sauke. A sabuwa lambobin biyu na farko kusan ɗaya suke, na ukun kuma bai wuce a ƙirga da yatsu ba. Wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo tana nuna awa nawa ma'ajiyar ta yi tana aiki. Idan ka ga awa dubu uku a na'urar da aka ce yanzu aka yage ledarta, ka mayar da kuɗinka aljihu. Sannan ka buɗe farin shafi ka danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya, ka cika sikirin da fari sannan da baƙi ka nemi ɗigo ko tabo, ka soka filashi a kowace kafa, ka gwada kyamara da lasifika, ka haɗa ta da intanet ɗin wayarka. Ka buɗe murfin ka rufe a hankali kana saurare. Idan ta nemi kalmar sirri a BIOS, ko ta nuna sunan wata ma'aikata ko makaranta ta waje da ke iko da ita, rabu da ita komai arharta.

Mai shagon kirki ba ya jin haushin wannan bincike. Wanda ya fara cewa "ɗan'uwa ba ka yarda da mu ba ne?" ko ya hana a kunna sai an biya, ya riga ya ba ka amsa. Kada ka fito sai da rasit mai ɗauke da sunan shago, kwanan wata, samfurin kwamfuta, lambar jikinta da tsawon garanti. Rasit ɗin ne kariyarka idan aka tare ka a hanya ana zargin kayan sata, shi ne kuma hujjarka idan ta lalace. Mutane da yawa ba su san cewa dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka samu da aibi cikin wata uku, a gyara, ko a sauya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Rubutun da ake mannawa a bango cewa kayan da aka saya ba a dawo da su bai fi ƙarfin doka ba. Jihar Kano ma tana da tata hukumar ta kare masu saye, kuma shugabannin kasuwa kan sasanta irin wannan idan ka je da takarda a hannu. Shi ya sa nake ba da shawara kada a lallaɓa sabuwar kwamfuta a makonnin farko. A ba ta aiki sosai, a bar ta a kunne na awanni, a sauke baturinta a cika. Aibin masana'anta da wuri yake bayyana, gara ya fito tun mai shago bai manta fuskarka ba.

Idan ta tsallake wannan, sauran rayuwarta yana hannunka, kuma babban abokin gabarta zafi ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai gyara yana buɗe kwamfutar da ta ci hunturu biyu ya san abin da nake nufi. Tsakanin fanka da siraran haƙoran ƙarfen da iska ke fita ta cikinsu, za ka ga ƙura da zaren bargo sun dunƙule sun zama wata 'yar tabarma mai toka-toka, mai gyara ya sa hantsaki ya ɗago ta ɗungurungum. Fankar tana ta juyawa tana ihu, amma iska ba ta fita. Man da ke tsakanin furosesa da bututun jan ƙarfe kuma ya bushe ya farfashe. Irin wannan kwamfuta ita ce ke yin nauyi da rana, ta ƙona cinya, ta mutu da kanta ana tsakiyar aiki. Maganin ba shi da tsada: sau ɗaya a shekara, da zarar hunturu ya wuce kafin zafin bazara ya kankama, a kai a buɗe a share, idan man ya bushe a sauya. Kuma a daina ɗora ta a kan katifa ko filo ko darduma, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Ko faranti aka kifa aka ɗora ta ya fi.

Zafi ne kuma ke cinye baturi, musamman idan kullum a cike yake taf. Lenovo da Dell da Asus duk suna da wajen da za ka umarci kwamfuta ta tsayar da caji a kashi 80 ko ƙasa da haka. Mai shagon buga takardu da tasa ke jone da sola ko janareto yini guda ya kamata ya kunna wannan. Wanda wuta ke zo masa awa uku a rana dole ya cika, ba laifi, amma kada ya bari ta riƙa sauka har ta mutu, kada kuma ya bar ta cikin mota a rana. Ranar da ka ga wajen shafa yatsa ya ɗago, ko madannai sun yi tudu, ko ƙasan kwamfutar ya buɗe baki ta daina zama daidai a tebur, baturi ne ya kumbura. Kashe ta, zare caja, kada ka danna, kada ka huda, kada ka kwana da ita a ɗaki tana caji. A cire shi a ranar. Wannan ba maganar asarar kuɗi kaɗai ba ce, gobara yake haddasawa.

Game da wuta, cajar asali tana karɓar daga bolt 100 zuwa 240, don haka ƙarancin wutar da muke kuka da shi bai cika yi mata illa ba. Abin da ke ƙona ta shi ne bugun da ke zuwa lokacin da aka dawo da wuta, ko janareto yana tari zai mutu, ko tsawa ta faɗa kan layi. Idan an kawo wuta a ɗan jira ta zauna kafin a jona, a zare kafin a kashe janareto, a zare idan hadari ya haɗo. Idan cajar ta mutu kuwa, kada a yi mata rowa. Jabun caja mara nauyi a hannu tana iya tura gurɓatacciyar wuta har cikin bod, gyaran da ya ninka kuɗin caja sau da yawa. A duba bolt da wat da ke rubuce a jikin tsohuwar, a nemi daidai da su.

Duk da haka wata rana za ta tsaya, kuma abin da ka yi a awar farko shi ke raba ƙaramin gyara da babba. Idan ta ƙi tashi sam, gwada wata cajar irin tata, sannan ka zare komai ka danne makunnin na daƙiƙa 30 ka sake gwadawa. Idan fitilunta sun kama, fanka tana juyi amma sikirin baƙi, haska shi da tocilan a kusa. Ganin inuwar rubutu yana nufin hasken bayan sikirin ne ko wayarsa, kuma jona ta da talabijin ta kafar HDMI zai tabbatar maka cewa cikinta lafiya lau. Idan tana ƙyafta fitila ko tana ƙara a jere, ƙirga, domin saƙo ne, kuma sau da yawa ram ne ya motsa daga gurbinsa. Dell da HP suna da gwajin kansu tun kafin Windows ta buɗe: a Dell ana danna F12 lokacin tashi, a HP kuma Esc sannan F2. Idan mai had dis ce ka ji tana ƙas-ƙas, daina komai ka kwashe muhimman takardunka nan take, domin kowace kunnawa tana iya zama ta ƙarshe. Idan shayi ko ruwa ya zube mata, kashe ta a take, zare caja, kifa ta, ka kai a buɗe a cire baturi a wanke bod. Kada ka kunna don ka ga ko tana yi, kuma binne ta cikin shinkafa ba ya cire sukarin da ke cin wayoyinta.

A wajen mai gyara, yawancinsu mutanen kirki ne masu neman halak, wasunsu ma gwanaye ne da ke gyara bod da kamfani zai ce a jefar. Amma amana tana son shaida. Kafin ka miƙa, rubuta girman ram da na ma'ajiya da lambar jikinta, ka ɗauki hoto. A faɗa maka abin da ya lalace da kuɗinsa kafin a taɓa, a kuma ba ka tsohon abin da aka cire. Idan gyaran sikirin ne ko madannai, babu dalilin ba da kalmar sirrinka, musamman ga 'yan'uwa mata da hotunan iyali ke cikin na'urorinsu. Kuma kada ka yarda a ce za a goge komai a sake ɗora Windows tun ba a gano ciwon ba. Gogewa ba ta gyara fanka ko faifan da ke mutuwa, aikinka kawai za ta tafi da shi.

Akwai wani tarko sabo da mutane ba su ankara da shi ba. Yawancin kwamfutocin Windows 11 suna kulle ma'ajiyarsu da kansu da tsarin BitLocker. Idan aka sauya bod, ko aka ciro SSD aka saka a wata kwamfutar don a kwaso takardu, za ta nemi mabuɗi mai lambobi 48. Mabuɗin yana cikin asusun Microsoft da aka fara buɗe kwamfutar da shi. Idan yaron shago ne ya buɗe maka da nasa imel ranar saye, to mabuɗin ɗakinka yana hannun wani. Ka buɗe da naka, ka shiga asusun yau ka kwafe lambobin a takarda ka adana tare da rasit.

Shi kuwa aikin kansa, kada ya taɓa zama a wuri ɗaya. Asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda ya ishi rubutun digiri gaba ɗaya har da ragi. Duk daren da ka ƙara shafi, tura kwafi can ko ka aika wa kanka ta imel, ka kuma ajiye wani a filashi da ba ya kwana a jaka ɗaya da kwamfutar. Idan kuma ta kai ga an ce bod ya tafi, kuɗin gyara ya doshi rabin kuɗin wata irinta, sayar da ita ga masu kayan gyara ya fi, domin sikirin da ram da madannai duk kuɗi ne. Sai dai kafin ta bar hannunka, sa a ciro maka ma'ajiyar a gabanka. Ana sayar da ɗan gidan da ake saka ta a ciki a jona ta kafar USB, ka ci gaba da amfani da ita a kan kwamfutar da za ka saya nan gaba.